Wasan Gizo na Samarinmu: A Cire Ɗan Lido, A Bar Dabara



Tun bayan ƙaramar Sallah iyaye ke tare ni, wasu a shago, wasu a ƙofar masallaci, suna tambaya game da wasan nan da samarinmu suka ƙirƙiro, wanda suke yi a zaure bayan Isha'i. Na ce gani ya kori ji. Na aro littafin dokokin, rubutun hannu ne a littafin makaranta, na karance shi, na kuma zauna da su dare biyu.

Ga yadda yake. Mutum ɗaya ne mai ba da labari, sauran kowa ya zama wani daga cikin tatsuniya: wannan Gizo, wancan Ƙoƙi, wani Kura, wani Dila. Sun zana taswira a kwali, ga kogin Binuwai, ga Jimeta, ga Yola, Dodo kuma an ba shi gida a tafkin Njuwa. Mai labari zai ce, "Kun iso bakin ruwa, Dodo ya tare hanya, me za ku yi?" Kowa ya faɗi dabararsa, sannan ya jefa ɗan lido. In ya samu huɗu zuwa shida ya tsira, ƙasa da haka ya faɗi.

Sun ce min daga Amurka suka ɗauko tsarin, daga wani wasa mai suna Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Na ce to, amma zama wani a cikin wasa ba baƙonmu ba ne. A kalankuwa, bayan kaka, samarin ƙauyukan ƙasar Hausa kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogarawansu. Ga kuma tashe cikin azumi.

Sai na yaba musu tukuna. Mu da muke zaune nesa da Kano da Katsina, 'ya'yanmu Hausarsu ta cakuɗe da Fulatanci da Turanci, wasu ko Botorami ba su taɓa ji ba. A zauren nan kuwa na ga waya a aljihu, baki na zuba Hausa. Littafin ya hana sa kuɗi, ya hana zagi. Madalla.

Inda na ga gyara shi ne ɗan lidon nan. A dare na biyu, yaron da ya zama Gizo ya ce zai gaya wa Dodo akwai wani da ya fi shi girma a cikin ruwa, in ya leƙa ya ga inuwarsa su kuma su sulale. Wallahi har ni sai da na yi dariya. Ya jefa, biyu ta fito, Dodo ya haɗiye shi. Na kusa da shi ya ce shi naushi kawai zai kai, ya samu shida, wai ya kashe Dodo. Jama'a, a wace tatsuniya aka taɓa haka? Gizo ba shi da ƙarfi, ba shi da dukiya, wayo ne jarinsa. Dokar da ta daidaita mai tunani da mai naushi ta kashe Gizo tun kafin Dodo ya zo. Ku dubi dara mana: gurabu 30, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗaya. Wanda aka cinye ya san kansa ne ya gaza.

Ta wajen addini ma akwai magana. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo hani a kan nardu, wasan da ake yi da irin wannan ƙwaya, kuma malamai da yawa sun sa lido a layinsa. Kada dattawan gindin bishiya su yi murna, domin Risala ta haɗa har da shaɗaranji, wanda babu ƙwaya a cikinsa. Sai dai malaman Shafi'iyya sun sassauta a kan wasan da ya dogara da tunani, ban da wanda ya dogara da sa'a. Kun ga aibin da tatsuniya ta gani, shi fiƙihu ya gani.

Shawarata ga samari uku ce. A ajiye ɗan lido, a ba kowa ƙwallayen dabino biyar. In ya kawo dabara, 'yan zaure su auna ta, in ta yi ya wuce, in ba ta yi ba ya biya ƙwallo ɗaya. In an yi gardama, mai labari ya jefa masa kacici-kacici. Sannan a rubuta lokacin tashi, don na lura sahun Asuba ya ragu.

Iyaye kuma kada a kore su daga zaure. In kun kore su, kun san inda za su koma. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na mayar musu da littafinsu, kuma na ce in sun gyara su kira ni, zan zo in zama Dila.

Allah Ya shirya mana zuri'a. Wassalam.