Gumin Shinkafa a Maikujera

A bayan ɗakin gwaggona a Maikujera, cikin ƙasar Rabah, akwai wani rabin duro a kan duwatsu uku, ya yi baƙi ƙirin saboda hayaƙi. A ciki take yin gumi, wato a jiƙa shanshera a ruwan zafi, a turara ta, a shanya, kafin a kai ta inji. Shanshera ita ce shinkafar da ke cikin ɓawonta. Fadamun Wurno sun daɗe da sanin shinkafa, madatsar ruwa ta Goronyo da aka kammala a kan gulbin Rima a 1984 kuma ta ƙara wa noman rani ƙarfi. Amma tsakanin gona da kasuwa akwai aikin mata irin su Gwaggo, kuma shi ne ke yanke wa buhu daraja.

Da wanki take farawa. Ta zuba shanshera a ruwa ta motsa, holoƙo ya taso sama ta kwashe, sannan ta rege da ƙwarya har tsakuwa da yashi su kwanta a ƙasa. Ruwa biyu ko uku take sakewa, sai ta ga ya fito garau.

Da la'asar ake jiƙo, kuma a nan hannu yake nuna kansa. Ana so ruwan ya yi zafin da yatsa ba zai iya daɗewa a ciki ba, amma kada ya tafasa. Masu aunawa sun ce digiri 60 zuwa 70 ne.  Gwaggo kuwa ido take zuba wa gindin duro. Da ta ga ƙananan kumfa sun fara mannewa a jikin ƙarfe, tururi siriri yana tashi, sai ta tsoma yatsa ta fizge, ta janye itace. Wata rana na ɗauko guntun icce zan tura, ta riƙe mini hannu.

"Kak ka ƙara, ɗana. In ya tafasa, tuwo za mu kwashe."

Gaskiyarta. Ruwan da ya tafasa yana fasa ɓawo tun ƙwaya ba ta sha ruwa har ciki ba, bayanta ya caɓe, cikinta na nan da tauri. Wanda kuma ya ƙi wahalar hura wuta, ya jiƙa a ruwan sanyi ya tafi hira kwana biyu ko uku, shinkafarsa tsami take yi, kuma warin nan ba ya barinta har cikin tukunyar mai saye. Ita Gwaggo rufe duron take yi, ta bar shi ya kwana, zafin yana sauka a hankali, ƙwaya tana shan ruwa har ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinta.

Da asuba ta tsame, ta ɗauraye, ta bari ya tsane. Yanzu ruwa kaɗan ake zubawa a gindin duro, a ɗora faifan ƙarfe mai huji-huji a samansa don kada shinkafa ta taɓa ruwan, a cika, a lulluɓe da buhun algarara. Wutar da aka yi ta lallaɓawa jiya, yau ƙarfinta ake so. Gwaggo tana zagaya murhu tana gyara itace don kada zafi ya taru a gefe guda, tana kuma kallon buhun. In tururi ya ɓullo ta ko'ina, ba ta kusurwa ɗaya ba, sai ta ɗaga gefe ta ɗebo kaɗan a tafin hannu. Ɓawo ya ɗan buɗe baki, ƙamshi ya tashi, to ya isa. Bai cika wuce minti 20 zuwa 30 da tashin tururi ba. In aka sauke da wuri, za a ga farin ɗigo a tsakiyar ƙwaya. In aka zarce, ta yi duhu, kasuwa ta karya mata kuɗi.

Abin da ke faruwa a cikin ɓawon yana ba ni mamaki har yau. Garin da ke cikin ƙwayar yana narkewa kamar yadda koko ke yin kauri, ya cike tsagar da rana ta yi mata a gona, shi ya sa ba ta karyewa sosai a inji. Sinadaran gina jiki na dusa kuma, musamman bitamin B1, suna ratsawa cikin ƙwayar. A farkon ƙarni na 20 likitoci a Malaya, Maleshiya ta yau, sun lura masu cin shinkafar gumi ba su cika kamuwa da cutar beriberi mai kashe jijiyoyi ba, alhali tana addabar masu cin fara tas. Manyan masana'antu, irin wadda aka buɗe a Argungu a 2017, jiƙo da turare da busarwa ɗin nan suke bi, sai dai da manyan tankuna da allurar awo.

Saura shanya, inda mai gaggawa ke zubar da wahalar kwana guda. Gwaggo tana baza shinkafar a kan tamfol, kauri bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, tana juyawa, yara na korar kaji. Amma ba ta barin ranar Sakkwato ta gama aikin. In baya ya bushe da sauri ciki na da danshi, ƙwaya tsagewa take yi. Saboda haka kafin ta bushe sarai sai ta tattara ta kai inuwa, ta bari danshin ciki ya fito sannu a hankali, har ya sauka wajen kashi 14 cikin 100.

Haƙori ne ke tabbatar da wannan. Ta murje ƙwaya ɗaya a tafin hannu, ta hure ɓawon, ta ɗaga ta duba a hasken rana, sannan ta ciza. In ta lotsa, da saura. Ranar da na raka ta ƙwayar ta ce ƙas, ta rabu biyu, cikinta na sheƙi kamar gilashi. Ta miƙo mini wata na ciza ni ma, sannan ta ce in ɗauko buhuna, kuma in gaya wa mai inji ya ajiye mata buntun, da shi za ta hura wutar jibi.