Easy Rawlins da Bashin Gidansa

Cikin 1990 Walter Mosley ya fito da Easy Rawlins, baƙar fata tsohon soja, a labarin da ya auku a Los Anjelas ta Amurka cikin 1948. An sallame shi daga masana'antar jiragen sama, ga bashin gida a wuyansa, sai ya karɓi kuɗin wani Bature don ya nemo wata mace.

Lalle halin mutumin ke riƙe mai karatu. Yana samun amsa a mashayar da ake rufe wa Bature baki, amma 'yan sanda suna iya dukansa ba dalili. Asirin da yake tonowa kuwa na maƙwabtansa ne, watau mutanen da zai gaisa da su gobe. Ƙullin labarin yakan cuɗe wajen ƙarshe, nan ne hannun Mosley ya yi rauni.