Wai Yaushe "Shekarun 90" Suka Fara?

Mai karatu, gardamar da ta haifi wannan rubutu a Daura aka yi ta, a wata majalisa da ba ta da nisa da rijiyar Kusugu, lokacin Sallar Gani. Wani matashi ne ya dage wai babu finafinai masu daɗi irin na "naintis". Aka ce ya kawo misali, sai ya lissafo Sangaya da Wasila da finafinan marigayi Ahmad S. Nuhu. Nan take wani malamin makaranta ya tare shi: "Kai yaro, Wasila ai 2000 ya fito!" Kafin ka ce kwabo an koma musun ko shekaru goma daga 1990 suke farawa ko daga 1991, irin musun da duniya ta sha a kan shigowar sabon ƙarni.

Wani dattijo da ke gefe yana jan carbi ya ce, "'Ya'yana, mu dai zamanin Sarki Bashar muka sani." Aka yi dariya, amma ni maganarsa ce ta tsaya mani a rai.

Ka duba yadda Badauri ke ƙirga lokaci. Sarki Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, Sarki Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007. In kana son ƙaramin ma'auni, tsohuwa za ta ce maka an haife ka shekarar canjin hannu, wato 1972, ko lokacin Udoji, ko shekarar da Buhari ya canza launin kuɗi, 1984. Babu sifiri a ƙarshen ko ɗaya. Abin da ya faru shi ke yanka zamani. Su kansu Turawan da muka aro ƙirgen goma-goma a wurinsu ba su riƙe shi gam ba: masanin tarihin nan na Ingila, Eric Hobsbawm, cewa ya yi ƙarni na 20 daga 1914 ya fara, ya ƙare a 1991.

To in haka ne, ga nawa yankan. Abin da muke kira shekarun 90 a adabinmu zamanin littafi ne, kuma ya riga kalanda shigowa. Ni a 1987 nake kafa turkensa, shekarar da aka cire Jihar Katsina daga Kaduna, kuma shekarar da Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya. Tsarin SAP na 1986 ya riga ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i sun ja baya, sai marubuta suka shiga buga abinsu da kuɗin aljihunsu suna kai wa 'yan kasuwa. Duk abin da ya biyo baya, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, da ƙungiyar Raina Kama, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa, a kan wannan turke aka ɗaure shi.

Kar ka ɗauka wasan lissafi nake yi. Duk wanda ya fara tarihin nan daga 1990 ya yanke kan labarin, kuma akasari mata ne ke cikin abin da ya yanke. Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya tun 1980. Talatu Wada Ahmed da Rabin Raina ta riga mafi yawan mazan da ake yi wa kirari yau shiga fage. Zagayen sifiri ɗaya ya isa ya mayar da masu share fage 'yan rakiya.

Na san abin da za ka ce: Turmin Danya fa, ba a 1990 Tumbin Giwa suka yi shi ba? Haka ne, kuma shi ne babbar hujjar 'yan kalanda. Amma shuka daban, kaka daban. A waɗancan shekaru fim a bayan littafi yake goye. In Da So Da Ƙauna sai da ya gama cin kasuwa a takarda sannan ya hau kaset a 1994. Ranar da fim ya sauka daga goyo ya fara gudu da ƙafarsa, 1999 ce. A shekarar aka fara buga mujallar Fim, a shekarar kalmar Kannywood ta ɓulla a mujallar Tauraruwa, a shekarar Sangaya ya nuna wa furodusoshi cewa waƙa ɗaya da kiɗan fiyano za ta iya sayar da fim. Marubuta da dama suka ajiye biro suka koma lokeshan.

Wannan shi ne zamanin da matashin nan yake kewa, sai dai ya ba shi sunan da ba nasa ba. Bai kuma cika goma ba, takwas ya yi. Ƙarshensa kam ba ya buƙatar gardama. Ranar 1 ga Janairu, 2007, Ahmad S. Nuhu ya rasu a haɗarin mota. A Agusta rikicin bidiyon wayar salula ya ɓarke, aka kawo Malam Abubakar Rabo Abdulkarim Hukumar Tace Finafinai ta Kano, aka dakatar da ɗaukar fim, aka ɗaure Adam A. Zango, 'yan fim da yawa suka tattara suka koma Kaduna. A Daura kuwa, a Fabrairun shekarar Allah ya yi wa Sarki Bashar rasuwa. Ka ga ashe ƙirgen dattijon da nawa a tasha ɗaya suka sauke.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa, kuma ba zan ɓoye maka ba. Duk ranakun nan na Kano ne. Zamani ba ya sauka ko'ina rana ɗaya kamar ganin wata. Yarinyar da ke Baure ko Zango ko Mai'adua, wadda gidansu babu bidiyo balle wutar NEPA, tana karɓar hayar littafi mai yagaggen bango har bayan 2003, ita a zamanin littafi take, ko da Kano ta daɗe da shiga rawa da waƙa. Na san haka domin ƙanwata ce ke aikena in karɓo mata, kuma ni nake fara karancewa a hanya. Masu nazari da ke zaune a jami'a suna yanka mana zamani da ranar da kaya suka fito kasuwa, ba sa tambayar ranar da suka isa hannun mai karatu.

Bayan 2007 kuma? Ni a 2014 nake rufe wancan babi, shekarar da tashar Arewa24 ta buɗe, Rabilu Musa Ibro kuma ya rasu a Disamba. Malamin makarantar nan bai yarda ba. Shi a ganinsa sai 2020, da Izzar So ya kama YouTube, Labarina ya kama talabijin, sannan sidi ya mutu murus. Muna cikin haka aka kira sallar magariba, matashin ya miƙe yana kaɗe riga yana cewa shi dai ko me za mu ce, Wasila fim ɗin "naintis" ne.