Ƙarfe Kaɗan, a Inda Ya Dace

A shekarar 2014, da kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin ya ce zai daina yin wata kanta mai suna Expedit, masu tara fayafayan garmaho a Jamus sun tayar da jijiyar wuya, har suka buɗe shafi a Facebook suna kiran a ceto ta. Suna da hujja. Kowane rami na kantar faɗinsa da tsayinsa santimita 33 ne, jakar faifai kuwa 31 da 'yan kai, sai ka ce domin su aka yanka ta. Kamfanin ya maye gurbinta da Kallax, wadda ramukanta ba su canja ba, sai dai allunan waje da suka ɗan rage kauri.

Irin wannan kanta a kwali take zuwa, a shimfiɗe, mai saye ya haɗa da hannunsa. Dabara ce da kamfanin ya runguma tun 1956, lokacin da ma'aikacinsa Gillis Lundgren ya cire ƙafafun wani tebur domin ya shiga mota. Ta sa kaya sun yi araha, amma kowace gaɓa ta koma rataye a kan 'yan turakun itace da sukurori ƙalilan. Kamfanin ya ce kada nauyin rami ɗaya ya wuce kilo 13. Fayafai 70 da jakunkunansu sun zarce haka, kuma kanta mai rami 16 da aka cika maƙil tana ɗauke da fiye da kilo 200. A nan ake neman mai hannu da zai ƙarfafa ta da ƙarfe.

Abin da ke burge ni da gwanin wannan aiki shi ne ba ya fara ɗaukar ƙarfe. Ƙwanƙwasa allo yake yi da bayan yatsa, yana saurare. Allunan waje masu kaurin nan, da ido ke ɗauka su ne ƙarfin kantar, cikinsu takarda ce da aka yi wa saƙar zuma, aka rufe da siraran fallaye biyu. Katako mai tauri, shi ma na matsattsen garin katako, a bakin allon da ƙarshensa kawai yake. Inda yatsa ya ji amo, sukuru ba zai kama komai ba. Inda ya ji tauri, nan ake sa alamar fensir. Wanda bai san wannan ba zai jera ƙarfe goma a tsakiyar allo, ya koma gefe yana murna, alhali takarda ya ɗaure.

Daga nan sai ya duba yadda aka tsayar da kantar. A cikinta akwai dogayen alluna da ke ratsawa daga gefe zuwa gefe, akwai gajeru da ke raba ramuka. Dogayen su ne ya kamata su kwanta, gajerun su tsaya a ƙarƙashinsu suna tokare da su, nauyi ya bi ta jikin katako har ƙasa. In aka juya ta, gajerun suka zama su ne shimfiɗa, to duk kayan suna lilo ne a kan turakun da ba su kai kaurin ɗan yatsa ba. Wannan gyara ko sisi ba ya ci.

Babban ciwon kantar kuwa ba lotsawa ba ne, karkata ce. Ba ta da baya. Ɗauki kwalin da aka cire masa gindi da murfi ka tura shi ta gefe, za ka ga ya kwanta ba tare da ya yage ba. Haka kanta mai nauyi ke yi in aka ja ta ko aka jingina da ita, sannu a hankali, har ranar da turakun za su ɓalle gaba ɗaya. Siffa mai kusurwa huɗu tana iya jirkicewa alhali ɓangarorinta ba su canja tsawo ba, alwatika kuwa ba ta iya haka. Saboda haka gwani ke gicciya siraran ƙarafa biyu a bayan kantar, daga kusurwa zuwa kusurwa. In ta nemi faɗawa dama ɗaya ya ja ta, in ta nemi hagu ɗayan ya riƙe. Ƙarfen ba sai ya yi kauri ba, domin ja yake yi, ba ɗauka ba. Sannan a ƙara faffaɗan ƙarfe mai kusurwa a lungu huɗu na baya, inda katakon yake da tauri.

Amma kafin ya ɗaure ko sukuru ɗaya, sai ya ja tef daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, ya sake ja ta ɗaya ɓangaren. Sai awon biyu ya zo daidai. In ba haka ba, ƙarfen zai kulle kantar a karkace har abada, tunda shi abin da ya tarar yake riƙewa.

Ɗaurin kansa sai da lallashi. Garin katako ba shi da jijiya irin ta maɗaci ko ɗorawa, marmashewa yake yi. Akan fara huda ɗan rami da bai kai kaurin sukurun ba, nesa kaɗan da baki, a zaɓi gajeren sukuru mai manyan haƙora, a ƙarasa murɗawa da hannu. Da zarar ya yi tauri a tsaya. Rabin juyi na ƙari ya isa ya cinye ramin, sukurun ya riƙa juyawa a banza. In dole sai an bi ta wurin da ke da holoƙo, to a ratsa allon da noti, a sa faffaɗar washa ciki da waje domin matsin ya bazu. Mai son ɗora kantar a kan ƙafafu ko taya kuma sai ya fara shimfiɗa mata dogon ƙarfe a ƙarƙashi, don ba a yi gindinta domin ya tsaya a kan wuri huɗu kawai ba.

Ƙarfe na ƙarshe shi ne wanda ke haɗa saman kantar da bango, kuma shi ne ba na yarda a yi masa ƙyuya. A 2016 IKEA ta janye durowoyi kimanin miliyan 29 a Amurka, ciki har da samfurin Malm, bayan sun kife a kan yara ƙanana har an yi asarar rayuka. Kanta mai ramuka tsani ce a idon yaro. A bangon allo irin na gidajen Turai da Amurka, sai an lalubo ginshiƙin katakon da ke ciki an ɗaure a jikinsa. A bangon bulo da siminti, irin wanda kayan garin katako ke jingine da shi a ɗakunan amare na Kano da Maraɗi, a huda, a cusa robar da ke buɗewa a cikin rami, sannan sukuru ya bi. A kuma ɗaga gindin kaɗan daga daɓe, domin ruwan goge ɗaki in ya shiga garin katako kumbura shi yake yi, kuma allon da ya kumbura ba ya sake riƙe sukuru.