"Da sauƙi": abin da jerin kalmomi ba ya koya wa ɗaliban jinya

A shekarar 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar da littafin Une médecine inhospitalière, bisa binciken da aka gudanar a wuraren shan magani na Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Binciken ya nuna cewa ba al'adar majiyyaci kaɗai ke hana fahimtar juna ba. Ma'aikata ma suna da tasu, ta gaggawa da tsawa da ƙarancin gaisuwa. Duk da haka, idan aka tashi koyar da "al'ada" ga ɗaliban jinya, waɗanda karatunsu da Faransanci ne, sau da yawa jerin kalmomi ake miƙa masu: ga sunan cuta da Faransanci, ga na Hausa a gefe.

A ganina wannan hanya ta rena harshe. Mu ɗauki Arewa, wato Dogon Dutsi da Tibiri. Majiyyaci zai ce "zahi" ke damunsa. Ɗalibin da ya haddace cewa zafi shi ne zazzaɓi zai ɗauko ma'aunin zafin jiki, alhali mai maganar yana iya nufin wata cuta da ke zaune cikin ciki, wadda ma'auni ba ya gani. Wannan ma mai sauƙin gyara ne, domin ana iya ƙara bayani a jerin.

Abin da ba ya shiga jeri shi ne tsarin zance. "Da sauƙi" amsar gaisuwa ce, ba rahoto ba; wanda ya kwana bai runtsa ba ma haka zai ce. Na taɓa ganin wata matashiya a wani ɗakin shan magani na karkarar Tibiri, an tambaye ta sunan ɗanta, ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Ɗan fari ne, kunya ta hana ta ambata. Ma'aikacin, wanda shi ma Bahaushe ne (abin lura ke nan), ya ɗauka taurin kai ne, ya kira na baya. Kakar yaron tana tsaye bakin ƙofa, ba wanda ya tambaye ta.

Ke nan ba sanin al'ada ya rasa ba. Horon da ya samu ne ya koya masa ajiye ta a waje. Don haka nake ganin ya kamata a naɗi hirarrakin duba marasa lafiya da Arewanci, bisa yardar masu su, a rubuta su, ɗalibai su bi su jimla bayan jimla tare da malamin jinya da masanin harshe.