Kishiya ba ta da namiji

A Gidan Rumji, kamar sauran garuruwan jihar Maraɗi, "dandalin soyayya" ake ce wa finafinan Hausa na Kano. Za mu duba jigo guda a cikinsu: son wanda ya riga ya sami mai shi. Finafinan raha na Indiya sun daɗe suna juya shi. A Dilwale Dulhania Le Jayenge (1995), Raj ya bi Simran har Panjab alhali an yi mata miji, ƴan kallo kuwa suna dariya suna goyon bayansa.

Da jigon ya shigo Hausa sai ya rabu biyu, harshen kansa ya nuna marabar. In namiji ke da wata, kalmomi na nan suna jira: uwargida, amarya, kishiya. Ba a korar kowa, ɗaki ake ƙarawa, rahar ta koma kan maigidan da ke ɓoye kayan lefe. Amma kalmar kishiya ba ta da jinsin namiji (da ita kuma muke kiran kalma mai akasin ma'ana a nahawu). Yarinyar da aka sa wa rana ba ta da gurbin mutum na biyu, shari'a ma ta hana nema a kan nema. Don haka labarinta yakan juye kuka, sai fa in manemin farko ya janye da kansa.

A ganinmu raunin yana ga uwargida. An ba ta masifa da zuwa gun boka, ba a cika ba ta maganar da za ta sa ɗan kallo ya tsaya mata ba.