Shaidar da Ake Yi wa Kaka, Daga Ƙofar Ɗan Agundi Zuwa Sabon Gari

Idan tsohuwa ta cika da asuba a ɗaya daga cikin lungunan da ke bayan Ƙofar Ɗan Agundi, kafin azahar an kai ta makwancinta. Mata su yi mata wanka a cikin gida, a suturta ta, maza su sallace ta a ƙofar gida, a ɗauki makara a tafi. Ba a tsayawa jawabi. Liman ba ya karanta tarihin kowa, matan da suka fi kowa sanin halinta kuma ba sa bin gawa maƙabarta. Baƙo zai iya zaton an binne shekara tamanin ke nan ba tare da an ce uffan a kansu ba.

A Sabon Gari, tafiyar 'yan mintuna a Adaidaita Sahu, sa'arta da ta tsufa a ikilisiyar Baptis takan yi kwanaki, wani lokaci makonni, a ɗakin ajiye gawa, ana jiran 'ya'ya da jikoki su iso daga Legas, Jos ko Ingila. A yi daren waƙoƙi, a ɗinka anko, a buga ɗan littafi mai hotonta a bango. A ranar jana'iza wani daga cikin 'ya'yanta ya miƙe gaban jama'a ya karanta tarihinta tun daga haihuwa.

Hanyoyin biyu sun yi nisa da juna, amma kalma ɗaya ce a bakin kowa: shaida. Mutanen birni su ce, "Hajiya ta samu shaida." Kiristan da ke sujada da Hausa shi ma ya ce an ba da shaida a kan Mama. A wajen Musulmi abin yana da tushe a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda aka wuce da gawa mutane suka yabe ta, Annabi (SAW) ya nuna musu cewa yabon nan nasu shaida ce mai nauyi. Abin dubawa shi ne irin shaidar da ake bayarwa, da kuma ko matar da aka sani tana fitowa a cikinta.

Kafin nan, yaya aka yi 'yar Baptis ta tsufa a Kano? Ba Turawan mishan ne suka shigo da ɗarikar birni ba. A 1900 ayarin Bishop Tugwell na CMS, har da Dokta Walter Miller, ya iso Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Bayan Turawan mulki sun ci garin a 1903 ma, sun taƙaita aikin mishan a ƙasashen sarakunan Musulmi. Ita Baptis ta kudu ta ɓullo: Thomas Bowen ɗan Amurka ya sauka a 1850, ya yi aiki a ƙasar Yarabawa, Ogbomosho ta zama cibiya. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai fatake da ma'aikatan reluwe da akawuna suka biyo shi da addininsu, suka zauna a Sabon Gari, waje da ganuwa. Mutanen Ogbomosho musamman sun yi suna wajen kafa coci duk inda kasuwanci ya kai su a Arewa. Daga baya masu sujada da Hausa suka yawaita, da yawansu daga kudancin Kaduna, ga kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Saboda haka kakar da ake magana a kai tana iya zama Bayarabiya haifaffiyar Kano wadda Hausa ta zauna a bakinta daram, tana iya zama matar ɗan sanda ko malamin asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki shekara hamsin da suka wuce, ba ta koma ba.

Tarihin da ake karanta mata yana da tsari da kusan ba ya canzawa. Haihuwa, iyaye, makaranta in ta yi, aure, 'ya'ya. Sai ranar baftisma, wadda 'yan Baptis ke ba muhimmanci na musamman, domin su ba sa yi wa jariri. Sai mutum ya yi hankali ya furta bangaskiyarsa da bakinsa, sannan a nutsar da shi cikin ruwa gaba ɗaya. Daga nan sai hidima. Ƙungiyar matan Baptis ta Nijeriya, WMU, an kafa ta tun 1919, tana da matakai daga ƙananan yara zuwa 'yan mata zuwa matan aure, har akwai rukunin da ke ɗauke da sunan Lidiya, mai sayar da tufafin nan ta cikin Ayyukan Manzanni. A cocin da ake Hausa, Zumuntar Mata ce kan gaba, da kayansu iri ɗaya da tulun da suke kaɗawa. Tarihin zai faɗi shekarun da ta yi tana ma'aji, ko shugabar zumunta, ko 'yar mawaƙa. A rufe da ciwon ajali, da cewa ta yi barci cikin Ubangiji.

Wannan al'ada tana da alherin da bai kamata a raina ba. Matar da ba ta taɓa riƙe sarauta ba, wadda ƙila ƙosai ta soya har ta yaye 'ya'ya shida, an rubuta cikakken sunanta da garinsu da shekarunta, an buga, an raba wa ɗaruruwan mutane. Tattaɓa-kunnen da ba a haifa ba zai tarar da takardar a ƙasan akwati. A gidajen Hausawa da yawa, inda kunya ke hana faɗin sunan manya, sai ka iske jika bai san sunan yankan kakarsa ba. Inna ce, ko Goggo, ko Hajiya Babba, har ta koma ga Mahaliccinta.

Amma duk wanda ya tara irin waɗannan littattafai guda goma ya karanta a jere zai ga inda suka gaza. Kowace marigayiya mai addu'a ce, mai karɓar baƙi, uwa ga kowa. A ɗauko sura ta 31 ta littafin Karin Magana, wadda ke siffanta macen kirki, a yafa mata kamar mayafin aro. Muƙamai su cika shafi, ita kuwa a neme ta a rasa. Ba ƙarya aka yi ba, sai dai da za a sauya hoton bango da na wata, babu wanda zai lura. Inda rai ke shiga littafin sau da yawa shi ne shafukan baya, inda aka bar jikoki su rubuta nasu. Can ne yaro zai ce ita ce ke ɓoye masa ƙanzo a ƙarƙashin kwano, ko kuma ba ta yarda a kunna talabijin sai an gama addu'ar dare. Layi biyu irin waɗannan sun fi shafi uku na muƙamai nuna wadda aka rasa. Ga shi kuwa misalin yana cikin Littafi Mai Tsarki da suke karantawa: da Tabita ta rasu a Yafa, gwaurayen da ta taimaka riguna suka ɗauko, waɗanda ta ɗinka da hannunta, suna nuna wa Bitrus suna kuka.

A cikin birni, shaidar tana cikin gida, kuma da baki ake ba da ita. Maza na kan tabarmi a waje suna karɓar gaisuwa, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta," a shafa fatiha a tashi. Ciki kuwa, tsakar gida cike da mata, nan ake buɗe tarihin. Wata ta ce ita ta yi mata wankan jego a haihuwar fari da uwarta ba ta kusa. Wata ta ce shekara ashirin tana riƙe musu adashi, kwabo bai taɓa yin ciwon kai ba. Wata ta fashe da kuka ta faɗi bashin da ta yafe mata, wanda ko 'ya'yan marigayiyar ba su taɓa ji ba. Wannan shaida ta fi ta takarda kaifi nesa ba kusa ba. Illarta ɗaya: da an share makoki, an naɗe tabarmi, ta bi iska.

Abin da ke fita waje shi ne sanarwar rediyo, yanzu kuma da Facebook, kuma a nan birni ma yana da nasa mayafin aron. Ta rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, ta bar 'ya'ya kaza da jikoki kaza, daga cikinsu akwai Alhaji wane na ma'aikata kaza. Sau da yawa sunan ɗan ya fi nata tsawo a sanarwar. Dalilin a fili yake, don abokansa su ji su zo gaisuwa, amma sakamakon shi ne a san ta da wanda ta haifa kawai.

Akwai kuma wani salon tunawa da ya fi duka kama mutum da ransa, wato wasan jikoki. Kaka abokiyar wasa ce tun tana raye: jikanta namiji mijinta ne, mace kishiyarta. Idan ta rasu da tsufa, a gidajen da suka riƙe al'adar, ranar sadaka jikoki kan ɗaura zanenta, su ɗauki sandarta da carbinta, su kwaikwayi tafiyarta da yadda take faɗa in an taɓa mata goro, sai an ba su kuɗin jikoki su bari. Masu kuka su yi dariya da hawaye a ido. Ba mai iya wannan kwaikwayo sai wanda ya zauna da ita ya lura da ita sosai. Al'adar tana ja da baya. Tun kafuwar Izala a Jos a 1978 wa'azi ya yi ƙarfi a kan sadakar uku da bakwai da arba'in, gidaje da yawa sun tsaya a kwana uku na karɓar gaisuwa. Malamai suna da hujjojinsu, kuma nauyin girke-girken da aka sauke wa masu makoki ba ƙarami ba ne. Sai dai ba a sami abin da ya maye gurbin wannan fili na tuna tsohuwa da halinta ba.

Kada a ce rubuta shaidar mace talaka baƙon abu ne da ya zo da mishan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi marsiyyoyi da yawa da Fillanci da Larabci, kuma ba 'yan gidan sarauta kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima. Ta yi wa Hauwa'u, jajin da ke jagorantar mata ɗalibai, wato 'yan taru, daga ƙauye zuwa wajenta ɗaukar karatu. Ta yi wa Zaharatu, ta kuma ambaci ayyukanta ɗaya bayan ɗaya: koyar da waɗanda ba su sani ba, zama da mace mai naƙuda, zuwa wankan gawa duk lokacin da aka kira ta. Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara waɗannan waƙoƙi sun buga a 1997. Ba don Asma'u ta ɗauki alƙalami ba, da babu wanda zai san an yi wata Zaharatu a ƙasar Sakkwato, balle a san wa ake aika wa yaro ya kira cikin dare idan haihuwa ta zo da gardama.

Ita kuwa Baba ta Karo, a ƙasar Kano, ba ta jira wani ya ba da shaidarta ba. Tsakanin 1949 da 1950 ta zauna da Mary Smith a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta ba da labarin aure-aurenta, da harin masu kamun bayi, da zuwan Turawa, da 'ya'yan da ta riƙa ita da ba ta haifi nata ba, da aikin ungozoma. Ta rasu a 1951, littafin da Mary Smith ta rubuta daga labarinta ya fito a 1954. Yau a kowane gida da ke bayan Ƙofar Ɗan Agundi, da kowane bene na Sabon Gari, akwai jika mai waya a hannu da ke iya naɗar murya ta awa guda, kakarsa kuma tana ɗaki, tana jiran wanda zai tambaye ta sunan unguwar da aka haife ta da wadda ta koya mata kaɗi.